Udo Mai Tukurwa da Sunan da Ban Tambaya Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Udo, masaƙin tukurwa a garin Ikot Ekpene, can ƙasar Annang a kudu maso gabashin Nijeriya. Ban halarci jana'izarsa ba. Labarin ma sai da ya yi wata huɗu a hanya kafin ya same ni a nan Greensboro ta ƙasar Amurka. Wani tsohon direban motar albasa ne ya sa aka rubuto mini wasiƙa kan wata magana dabam, a ƙasa ya ƙara cewa wai Udon nan naka mai jakunkuna ya rasu. Layi ɗaya. Na karanta, na ninke takardar, na tafi aiki. Masu karatu su yi mini haƙuri, ni ba marubuci ba ne, karatuna bai wuce aji huɗu na elemantare ba, sauran a kasuwa na tsince shi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma shekaruna sun kai inda mutum ba ya ajiye magana sai gobe.

Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina, Malam Isa na Bichi, ya kai ni Ikot Ekpene. Fataucin albasa da wake yake yi. A loda kaya a jirgin ƙasa daga Kano, a sauke a Umuahia, daga nan mota ta ƙarasa da su. Garin a mahaɗar hanyoyi yake, wata ta nufi Aba, wata Umuahia, wata Uyo, wata ta gangara Kalaba, don haka duk abin da ke motsi a yankin sai ya ratsa ta kasuwarsa. Abin da ya ɗaga garin tun zamanin Turawa manja ne da ƙwarar kwakwarsa. Da safe za ka ga kekuna a jere sun fito daga ƙauyuka, kowane da garwa biyu ko uku ɗaure a baya, mai keken ba ya ma hawa saboda nauyi, tura shi yake yi. Kamfanonin Turawa suna da wuraren awo a gari, su auna, su saya, su kai bakin ruwa. Tsofaffi suna ba mu labarin kuɗin ƙarfe mai kama da munduwa da aka daina karɓa dab da zuwanmu. Ƙasar ja ce, ruwan sama ba ya gajiya, kuma komai ƙanshin manja yake, har rigar da ka wanke.

Amma abin da mutanen garin ke tinƙaho da shi tukurwa ce. Daga ɗanyen ganyenta suke ɓare zare siriri, su shanya, su rina ja da baƙi da rawaya, su ɗora a masaƙa. Da shi suke yin jaka da hula da tabarma da takalma, har farar hular nan da lauyoyi ke ɗorawa a kotu na ga an saƙa. Akwai kuma masassaƙa masu fuskokin dodanni na katako, waɗanda mu muke kau da kai in mun zo wucewa ta layinsu. Mu Hausawa muna da unguwarmu da masallacinmu da mahautanmu. Mun zauna a garin kamar mai a kan ruwa, kullum tare, ba a taɓa gauraya ba. Na yi shekara goma sha shida a can, abin da na iya na harshensu bai wuce gaisuwa da ƙirga da zagi biyu ba.

Rumfar Udo tana kallon tamu. Sa'ana ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, yatsunsa kullum da shuni ko ja. Daga wani ƙauye yake zuwa a keke. Kamar kowa a can, da ya buɗe baki sai ya ce mini Aboki. Aboki ba ni wuƙa, Aboki matsar da buhunka. Wata rana raina ya ɓaci, na ce masa da turancin buroka, wanda da shi muke magana, cewa ni ba Aboki ba ne, ubana ya yanka rago ya raɗa mini suna. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ajiye jakar da yake ɗinke wa hannu, ya ce to faɗa mini. Na ce Tanko. Ya ce me yake nufi. Na ce ana kiran yaro haka in an haife shi bayan mata, sunana na yanka Isiyaku. Ya tambayi sunan mahaifina, da na garinmu. Ya maimaita har sai da bakinsa ya faɗa daidai: Tanko, Isiyaku, ɗan Malam Isa na Bichi. Daga ranar bai sake ce mini Aboki ba, kuma duk wanda ya faɗa a gabansa sai ya gyara masa.

Na ji daɗi, na koma kan albasata. Bai zo mini a rai in juya tambayar ba. Na san Udo suna da yawa a garin kamar Audu a Kano, shi ya sa muke ce masa Udo Mai Tukurwa. Wannan ya ishe ni.

Abota ta ƙullu. In zan tafi salla shi ke duba mini rumfa, in ya tafi neman zare ni ke duba masa. Mahaifina ya fara ɗaukar jakunkunansa zuwa Arewa, 'yan boko da matan ma'aikata suna rububinsu a Kano da Zariya. Shi ya koya mini cewa makonsu na gargajiya kwana takwas ne, kuma babbar kasuwa da wannan ƙirgar take ci, shi ya sa ba ta tsayawa a rana ɗaya ta makonmu. Nakan rikice in shirya kaya tun ana gobe kasuwa, sai ya yi ta tsokanata, wai Hausawa sun jefar da kwana ɗaya a hanya saboda saurin neman kuɗi.

Sai shekarar tashin hankali ta zo, wadda ta haifi yaƙin basasa. Ba zan ɓoye ba, abin da aka yi wa mutanen gabas a garuruwanmu na Arewa mummuna ne. Motoci suka riƙa shigowa Ikot Ekpene da waɗanda suka tsira, wasu da rauni, wasu ba ko takalmi. Wan Udo, mai suna Akpan, yana aiki a Arewa. Ba ya cikin waɗanda suka dawo. Gari ya ɗauki zafi. Mahaifina ya riga ya tafi gida da sauran iyali, ni na tsaya tattara kaya, wautar ƙuruciya. Da tsakar rana Udo ya shigo rumfarmu, idanunsa jajur, ya jefo mini zanensa da wata hular tukurwa mai faɗi, ya ce cire rigar nan. Ya ɗora ni a bayan kekensa, ya lulluɓe ƙafafuna da tabarmi kamar kayan sayarwa, muka bi ta hanyoyin gona har wata mahaɗa inda wani direba da ya sani ya yarda ya ɗauke ni. Da zan hau mota ne ya ce, “Tanko, in ka isa, ka tambaya mini Akpan.” Na tambaya, gwargwadon yadda mai tsoro ke tambaya. Ban samu labari ba.

Bayan yaƙi na koma. Garin ya sha wuya, sojojin wannan ɓangare su karɓe, na wancan su ƙwace, rufin kwano duk huji, rumfuna da yawa ba masu su. Na tarar da Udo a wurinsa, ya rame har ban gane shi ba sai da ya kira ni da sunayena huɗu a jere. Ban sake zama a garin ba. Nakan zo da mota cike da albasa da wake duk bayan wata biyu ko uku, in kwana biyu a unguwar Hausawa, in ɗauki manja da kayan tukurwa in juya. Tun zuwana na farko bayan yaƙin ya ce mini, “Akwai wanda ke son ganinka a gida.” Na ce wane ne. Ya ce, “Ba a kawo shi kasuwa. Kai za ka je.”

A nan zan faɗi abin da ke raina a lokacin, ko da zai zubar mini da mutunci. Na zaci wani ɗan'uwansa ne mai neman in samar masa aiki ko in ɗauke shi zuwa Arewa. Na kuma ji ƙyamar abin da za a ajiye mini a kwano, da bammin da za a zuba a gabana, da fuskokin katakon da nake tsammanin suna rataye a ɗaki. Mutumin da ya ɗauke ni a keke ranar da ake neman jinina, shi nake yi wa wannan lissafi. Sai na ce masa kasuwa mai zuwa. Na dawo, ya sake faɗa, na ce kasuwa mai zuwa. Har abin ya zama kamar gaisuwa tsakaninmu. Wata rana ya ce, “Makonka bakwai, nawa takwas. Kullum ina ƙara maka kwana ɗaya kyauta, amma ba ka samu lokaci ba.” Muka yi dariya. Ni kaɗai na yi ta har ciki.

Kuskurena na biyu ya shafi garin duka. Da masana'antun roba suka yawaita a Kano, na ga tabarmar roba da jakar leda suna tafiya kamar wuta a kaka. Na fara sa su a saman albasa ina kaiwa kudu. Ga araha, ga launi, ruwa ba ya ruɓar da su, a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa. Na shimfiɗa su a rumfar da ke kallon ta Udo. A Arewa kuma masu sayen jakar tukurwa suka ragu, sai na daina ɗauka, ban ko zauna na yi masa bayani ba. Ba ni kaɗai na kai roba garin ba, da ban kai ba wani zai kai, haka na riƙa gaya wa kaina. Ranar farko ya tsallako, ya ɗauki tabarma ɗaya, ya juya ta, ya shinshina, ya ce, “Wannan ba ta san hannun kowa ba.” Ya ajiye ya koma wurinsa. Bai taɓa ƙara magana a kai ba.

Daga baya aka ƙirƙiro sabuwar jiha, aka kai babban birni Uyo. Ma'aikata da 'yan kwangila da manyan motoci suka karkata can. Manja kuma tuni man fetur ya sa gwamnati ta manta da shi. Ciniki ya ja baya, ni ma na rage zuwa, har na daina. Zuwana na ƙarshe ban san shi ne na ƙarshe ba, don haka ba mu yi sallama ba. Ya ce akwai wanda ke son ganina a gida, na ba shi amsar da ya saba ji.

Babban ɗana ne ya kawo ni Amurka bayan rasuwar mahaifiyarsa. Yana da gida a Summerfield, fili mai faɗi, maƙwabcinsa har dawakai yake kiwo. Zaman banza ya gagare ni, sai na samu aiki a wani babban kanti a kan titin Wendover, ina jera kaya a kanta. A can nake yawan tuna Udo. Akwai layi guda na kayan ado, kwanduna da tabarmi da jakunkuna na saƙar hannu, an kawo su daga ƙasashen Asiya, da tsadar da in na faɗa a Bichi za a ce na fara ruɗewa. Matan Turawa su ɗauka su shafa, su ce abin hannu ya fi na inji. Nakan tsaya in ce, da Udo zai ga wannan me zai ce? Ina jin zai juya kwandon ya duba bakinsa, inda masaƙi ke ɓoye ƙarshen zare, ya ce wannan mai gaggawa ne. Sannan ya dube ni ya tambaya yadda aka yi masu injin suka koma neman hannu, mu masu hannun muka koma neman roba. Jikokina ma in na ba su labarin tukurwa da Hausa, da Turanci suke ce mini abin sha'awa ne, su koma kan talabijin.

Da labarin rasuwarsa ya zo na rubuta ta'aziyya. A bayan ambulan na sa: iyalan Udo, mai saƙar tukurwa, kasuwar Ikot Ekpene. Ba amsa. Na ce gidan waya ne, kowa ya san halinsa. Da na matsa, da na sa mutanen unguwar Hausawa sun bincika mini. Ban matsa ba. Shekara goma na bar maganar kwance, tana tashina lokaci-lokaci kamar ciwon haƙori.

Bara hawan jini ya kai ni wani ƙaramin asibiti a cikin gari, kusa da tashar bas. Nas ɗin da ta zo auna ni baƙa ce, mai kimanin shekara hamsin, na ji tana waya da wani harshe da kunnena ya sani kafin kaina ya tuna. Da ta ajiye na ce mata, “Emesiere,” wato barka da asuba. Ta kusa yar da abin awon.

“Baba, a ina ka samo wannan?”

Na ce a Ikot Ekpene, kafin a haife ta. Ta ce ai ita 'yar can ce, sunanta Eno. Muka yi ta lissafa unguwanni. Sai na ce mata, “Sista, ko kin san iyalan Udo?”

Ta yi dariya har ta dafa bango. “Baba, wane Udon? Mahaifina Udo ne. Mijina Udo ne. Ɗana na biyu da ke makaranta a nan, shi ma in kakarsa ta kira waya Udo take ce masa.” Ta ga ban yi dariya ba, sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce a wurinsu ɗan fari namiji Akpan ne, na biyu Udo. Duk gidan da aka haifi maza biyu akwai Udo. Wasu da shi ake saninsu har su mutu, amma in ana neman mutum sai an haɗa da sunan da aka raɗa masa, da na mahaifinsa, da na ƙauyensu. “To, Udo ɗan wa? Na wane ƙauye?”

Ban san ko ɗaya ba. Na san wansa Akpan ne, na ji sunayen nan biyu a jere a gidaje ba adadi, ban taɓa haɗa su ba. Ni da ake kira Tanko saboda matan da suka riga ni, ni da na tsaya a kasuwa ina yi masa wa'azin sunan yanka. Shekara talatin da wani abu ina kiran mutum Na-biyu. Ashe abin da na yi fushi a kai rana ɗaya, shi na yi masa tsawon rayuwarsa. Sista Eno ta ce jinin nawa ya hau sosai, in zauna kafin ta sake aunawa.

Ta ce za ta gida da Kirsimeti, kamar yadda mutanensu ke yi, za ta tambaya a layin masu tukurwa. Ta rubuta sunana a bayan wata takarda. Ban sa rai ba.

Da ta dawo ta kira ni, na je na same ta lokacin hutunta na rana. Ta fara da labarin gari, ina jin don ta shirya ni. Ta ce hanyoyin nan huɗu suna nan, amma motoci wucewa suke yi, ba sa kwana. Wuraren awon manja sun zama shagunan sayar da katin waya da kayan gyaran babur. Layin masu tukurwa ya tsuke, yawanci tsofaffi ne da mata, suna jiran matafiyi ya tsaya ya sayi jaka ɗaya ta tsaraba. Samari sun tafi Uyo da Fatakwal da Legas, waɗanda suka rage suna acaɓa. Hausawa suna nan da albasarsu da shanunsu. Roba kuwa ta cika kasuwa har magudanar ruwa. Ta ce ta bi rumfa-rumfa tana tambayar Udo da ya yi abota da wani Bahaushe, kowa ya ce ai Udo da yawa, Hausawa ma da yawa. Har ta gaji, wata tsohuwa mai rina zare ta ce mata shi Bahaushen ba shi da suna ne? Ta duba takarda ta ce Tanko.

“Baba, sai tsohuwar ta ce, Tanko ai ga shi can a bakin tasha a kan babur.”

Na ce ban gane ba. Ta ce ita ma ba ta gane ba sai da aka kira shi. Mutum ne ɗan shekara arba'in, Annang gaba da baya, Kirista, ko kalmar Hausa goma bai sani ba. Ɗan Udo ne, an haife shi cikin yaƙi, lokacin da mahaifinsa bai san ko na isa gida da rai ba, ya raɗa masa sunana. A garin da Udo ba ya ƙirguwa, Tanko ɗaya ne tak, kowa ya san shi saboda baƙon sunansa. Ta miƙo mini lambar wayarsa.

Na sayi katin waya, na kwana biyu da shi a aljihu. Ran Asabar da hantsi na fita bayan gida, inda jikoki ba za su dame ni ba, na buga. Ana ta hayaniyar babura a wajensa. Da na faɗi ko ni wane ne sai na ji ya kashe inji.

“Ete Tanko,” ya ce, wato Baba Tanko. “Isiyaku, ɗan Malam Isa na Bichi.”

Da bakin ubansa ya faɗa, har inda Udo ke lanƙwasa Bichi. Ya ce tun yana ƙarami aka sa shi haddacewa. Ya ce duk ran da motata ta shigo gari, mahaifinsa yakan ce a wanke masa riga, mai sunansa zai zo. Mahaifiyarsa takan sayi sabuwar tukunya ta ajiye gefe, a nemo kaza da rai, don Udo ya ce Musulmi da hannunsa yake yanka, kuma kada a kawo bammi kusa da gidan ranar. In yamma ta yi ba a ga kowa ba, sai a saki kazar.

Na ce, “Takwara, ka yafe mini.”

Ya yi 'yar dariya. “Ete, ni riga kawai nake sawa. Rigar ce ta sha wahala, wanki ya kashe ta. Kajin kuwa addu'a suke yi maka.”

Na tambaye shi ko mahaifinsa ya yi fushi da ni. Ya ce bai taɓa ji ba, abin da yakan ce kawai shi ne makon Tanko gajere ne. Na tambayi masaƙar. Ya ce tana bayan ɗaki, gara ta ci ƙafa ɗaya. Shi ya iya saƙa, amma babur ne ke ciyar da yara. Na so in yi masa maganar tabarmar roba, ya ce Ete bar wannan, a kanta muke zaune yanzu haka a gida.

Muryar matar kamfanin katin waya ta ce saura minti biyu. Sai na yi tambayar da ta makara shekara hamsin. Na ce mene ne sunan mahaifinka, na ainihi. Ya ce Ndifreke, ɗan Ekanem, ya faɗi ƙauyen. Na sa ya maimaita sau uku, harshena yana tuntuɓe a farkon sunan. Na ce me yake nufi.

Ya ce, “Ba zan manta ba.”

Bai san dalilin da ya sa kakarsa ta zaɓi sunan ba, kuma ba shakka ba don ni aka raɗa shi ba, an sa masa tun kafin in san akwai wata ƙasa bayan Bichi. Hausawa dai sun ce suna linzami ne. Nasa ya ja shi har ƙarshe.

Yanzu in na auna abin da ya rage na mutumin nan, ba shi da yawa a ido. Rumfarsa wani mai sayar da bokitin roba ke ciki. Jakunkunansa da suka je Kano da Zariya sun daɗe da ruɓewa, ni kaina ko ɗaya ban ajiye ba. Sana'ar da ya ba rayuwarsa tana numfashi sama-sama, kuma da hannuna cikin abin da ya kwantar da ita. Ba addininmu ɗaya ba, hukuncinsa yana wurin Wanda ya halicce mu duka, ni dai shaida ce tawa: na ga alherinsa ranar da yake da dalilin ƙin yi. Abin da ya rage shi ne wani magidanci a bakin tasha da ke amsa sunan Bahaushe, da 'ya'yansa da ake ce wa 'ya'yan Tanko, da ni nan, tsoho mai jera kwanduna a ƙasar da ba a san tukurwa ba.

An ce zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa yanzu ta fara gazawa, likita yana ja mini kunne kan doguwar tafiya. Takwarana ya tambaye ni yaushe zan zo. Na ji amsar nan ta dā ta taso mini har leɓe, na haɗiye ta. Na ce masa ban sani ba, amma na sa ɗana ya fara duba jirgi, kuma in Allah ya kai ni, ba a unguwar Hausawa zan sauka ba. Ya ce za su nemo kaza.

Kafin nan, ga abin da zan iya. Ni Tanko, Isiyaku, ɗan Malam Isa na Bichi, ina miƙa ta'aziyyata, a makare da shekara goma sha ɗaya, ga iyalan Ndifreke ɗan Ekanem, masaƙin tukurwa na Ikot Ekpene. Ina ta gwada faɗinsa a cikin bas in zan tafi aiki. Har yanzu bai zauna mini a baki daidai ba.